Shekara 12 babu shan kashi: me ke riƙe da ƙarfin makarantar De La Salle a ƙwallon Amurka?

A garin Concord da ke jihar Kalifoniya akwai wata makarantar sakandare ta maza zalla mai suna De La Salle, ɗalibanta ba su wuce dubu ɗaya da 'yan kai ba. Daga kakar 1992 zuwa ƙarshen ta 2003, ƙungiyar ƙwallonta ta buga wasa 151 a jere ta lashe su duka, ko canjaras ba a taɓa yi da ita ba. Kafin nan, makarantar da ta fi kowace daɗewa tana nasara a faɗin Amurka ita ce Hudson ta jihar Michigan, wadda ta jera wasa 72 tsakanin 1968 da 1975. De La Salle ta ninka wannan har da ɗori.

Idan ƙungiyar ƙwararru ta yi kaka-gida a gasa, ba a wahalar gano dalili: tana da kuɗi, tana sayen gwanaye, tana ɗaure su da kwantiragi. Sakandare ba ta da ko ɗaya daga cikin waɗannan. Karatun shekara huɗu ne, yaro ya shigo yana ɗan shekara 14 ya fita yana ɗan 18, saboda haka duk bayan shekara huɗu ƙungiyar ta zama sabuwa fil. Yaran da suka buga wasa na 151 ba su wuce ajin farko na firamare ba lokacin da aka buga na ɗaya. To me ke zama a makarantar bayan 'yan wasan sun tafi? Kan wannan tambaya Amurkawa suka rabu gida biyu, kuma ita ce ta sa hukumomin wasannin makarantu a jihohi da dama suke ta sauya dokokin gasa.

Wasan da tsarinsa

Ƙwallon da ake magana a nan shi ne na Amurka, wanda ake riƙewa a hannu, mai siffar ƙwai, 'yan wasa suna sanye da kwalkwali da kariyar kafaɗa. Kowane ɓangare mutum 11 ne, filin kuma yadi 100. Ƙungiyar da ke riƙe da ƙwallo tana da dama huɗu ta matsa gaba yadi 10. In ta cimma hakan a sake ba ta huɗu, in ta kasa ƙwallo ya koma hannun abokan karawa. Wanda ya kai ƙwallo ƙarshen fili ya samo maki 6, bugun da ya ratsa tsakanin sanduna kuma maki 3. A matakin sakandare ana buga minti 48, kashi huɗu na minti 12.

Kakar gajera ce. Wasanni kusan 10 ne daga ƙarshen Agusta zuwa Nuwamba, galibi a daren Juma'a, sai zagayen sili-ɗaya-ƙwale da ke kaiwa Disamba. Shi ya sa wasa 151 ya cinye kaka 12 cur.

Akwai wani bambanci da dole a riƙe. A Kano ko Yamai, yaro mai baiwar ƙwallo yakan taso ne ta ƙungiyar unguwa ko makarantar horon ƙwallo mai zaman kanta. A ƙwallon Amurka hanya ɗaya ce tak: sakandare, sannan jami'a, sannan gasar ƙwararru ta NFL. Jami'o'i suna ba gwanaye gurbin karatu kyauta, don haka ƙungiyar sakandare ƙofa ce ta ilimin da kuɗinsa ya fi ƙarfin yawancin iyalai. Yara kusan miliyan ɗaya ne ke buga wasan a sakandare duk shekara.

Makarantun kuma iri biyu ne. Ta gwamnati tana da iyaka da aka shata mata, yaran da ke zaune cikin wannan yanki su ne nata. Ta kuɗi, wadda sau da yawa coci ke gudanarwa, tana iya ɗaukar ɗalibi daga ko'ina. De La Salle ta Katolika ce, an buɗe ta a 1965.

Koci ɗaya, dabara ɗaya, shekara 34

A 1979 makarantar ta ɗauki Bob Ladouceur a matsayin koci, bai wuce shekara 25 ba, bai kuma taɓa jagorantar wata ƙungiya ba. Har zuwa lokacin De La Salle ba ta taɓa kammala kakar da nasarorinta suka fi shan kashinta yawa ba. Ya riƙe ƙungiyar kaka 34, yana kuma koyar da darasin addini a aji. Da ya sauka a farkon 2013, ya yi nasara a wasa 399, an doke shi sau 25, canjaras 3.

Jami'o'i sun yi zawarcinsa bai tafi ba. Mataimakinsa mai kula da tsaron baya, Terry Eidson, ya shafe sama da shekara 30 tare da shi. Wanda ya gaje shi, Justin Alumbaugh, tsohon ɗan wasansa ne da ya dawo ya zama mataimaki, shi kuma Ladouceur bayan saukarsa ya koma ƙarƙashin ɗalibin nasa yana horar da wani sashe na 'yan wasa. A makarantu da yawa koci yakan yi 'yan shekaru ya tafi, sabo ya zo da nasa salon, yara su koma koyo daga tushe. A De La Salle abin da aka koya wa yaro a makonsa na farko shi zai buga a wasansa na ƙarshe, shi ne kuma yayansa ya buga shekara goma baya.

Salon kai harin nasu tsoho ne, ana kiransa "veer" da Turanci, kocin Jami'ar Houston Bill Yeoman ne ya ƙirƙiro shi a shekarun 1960. Madugun ƙungiya, wato kwatabak, yana karɓar ƙwallo ya ɗora shi a cikin mai gudun da ke wucewa ta gefensa, idonsa na kan mai tsaro guda ɗaya da aka bari da gangan ba a tare shi ba. Idan mai tsaron ya buɗe, sai ya sakar wa mai gudun ƙwallo. Idan ya rufo, sai ya zare ƙwallon ya ruga da kansa, ko ya cilla wa wani da ke biye da shi ta gefe. Duk wannan shawara cikin daƙiƙa ɗaya ake yanke ta. Dabarar ba ta da sirri, kowane koci a yankin ya san abin da za su yi. Abin da take buƙata shi ne maimaitawa har jiki ya haddace, da 'yan sahun gaba masu zabura gaba ɗaya da zarar ƙwallo ya motsa. Wannan ya ba su damar doke ƙungiyoyin da suka fi su girman jiki nesa ba kusa ba.

Horon ƙarfin jiki yakan fara tun Janairu, wata bakwai kafin wasan farko. Sannan akwai al'adar da aka fi sanin su da ita. A daren Alhamis, jajibirin wasa, ƙungiyar takan ci abinci tare a gidan iyayen ɗaya daga cikin yaran. Kowane ɗan wasa ya rubuta a ɗan ƙaramin kati abin da ya ɗaukar wa kansa: abin da zai gyara a atisaye, abin da zai yi a wasa. Ya miƙa wa abokinsa, abokin ya tashi ya karanta a gaban kowa, mako na zagayowa kuma shi ne zai faɗi ko an cika alkawari. Ta haka sa ido ya bar hannun koci kaɗai ya koma hannun yaran, manya suna ladabtar da ƙanana, ƙananan kuma su girma su yi wa na bayansu. Masu kare makarantar suna cewa wannan ne gadon da ke zama bayan gwanaye sun tafi.

Hujjar masu suka

Ɗaya ɓangaren ba su musanta ƙwazon koci ba. Abin da suke cewa shi ne ba a fili ɗaya ake tsere ba. Makarantar gwamnati tana jiran abin da unguwarta ta haifa, shekara ta yi kyau ko ta yi muni. De La Salle kuwa tana ɗiba daga garuruwan gabashin yankin San Francisco baki ɗaya. Sunayen fitattunta sun nuna haka: Amani Toomer daga Berkeley ya zo, D.J. Williams daga Pittsburg, Maurice Jones-Drew daga Antioch, dukansu kuma sun kai NFL. Kowane ɗayansu gwani ne da makarantar garinsa ta rasa, sau da yawa ma ya dawo ya ci ta.

Hukumar wasannin makarantu ta Kalifoniya, CIF, ta haramta zawarcin yaro don wasa, ta kuma hana ba da tallafin kuɗin makaranta saboda iya ƙwallo. Tallafi sai dai bisa ƙarancin halin iyaye. Makarantar ta daɗe tana cewa ba ta zawarcin kowa, iyaye ne ke kawo 'ya'yansu. Masu suka suna amsawa da cewa makarantar da ta yi suna irin haka ba ta buƙatar aika kowa, sunan ne ke zawarcin. Uban da ɗansa ke da baiwa ya san inda wakilan jami'o'i suke zuwa kallo.

Idan aka auna maganganun biyu, kowace tana bayanin wani ɓangare ne na tarihin. Rashin iyaka bai isa ya bayyana nasarar ba, domin makarantar ba ta da iyaka tun kafin 1979 amma ba ta cin wasa, kuma Kalifoniya cike take da makarantun Katolika marasa iyaka da ba su taɓa kusantar abin da ta yi ba. Horo da al'ada su ma ba su isa su bayyana daɗewar ba, domin kocin gwamnati mai irin wannan hazaƙa zai gamu da shekarar da unguwarsa ba ta da yara. Abin da ya fi kama da gaskiya shi ne horo ne ya kunna wutar, rashin iyaka ya riƙa kawo mata itace: nasara ta jawo gwanaye, gwanaye suka ƙara nasara, tsofaffin ɗalibai suka dawo da gudummawa da 'ya'yansu.

An kuma daɗe ana yi musu gorin cewa a ƙaramin yanki suke cin karensu babu babbaka. Daga 1998 suka fara neman manyan ƙungiyoyin kudancin jihar. Sun doke Mater Dei shekara huɗu a jere, a 2001 kuma suka je har gidan Long Beach Poly, wadda 'yan wasanta suka fi su nauyi ƙwarai, suka ci ta 29 da 15, Jones-Drew ya kai ƙwallo ƙarshen fili sau huɗu. Daga nan wannan gorin ya mutu.

Na gwamnati ma suna mamaye gasa

Wadda ta kawo ƙarshen jerin nasarar makarantar gwamnati ce. Ranar 4 ga Satumba, 2004, Bellevue ta jihar Washinton ta doke De La Salle 39 da 20 a birnin Seattle, ba tare da ta jefa ƙwallo ta sama ko sau ɗaya ba. Ita ma da tsohuwar dabarar gudu da yaudara ta yi, wadda yaranta suka haddace. Bellevue ta ci gaba da mamaye jiharta har ta jera wasa 67. Sai dai a 2016 binciken da hukumar wasannin jihar ta sa aka yi ya zargi ƙungiyar da saɓa ƙa'idoji, ciki har da amfani da adireshin ƙarya don shigo da 'yan wasa da kuma kuɗin da ƙungiyar magoya baya ke kashewa ba bisa ƙa'ida ba. An dakatar da ita daga zagayen neman kofi na wani lokaci. Wato iyakar da ke kan takarda ba lallai ta zama iyaka a aikace ba.

Akwai kuma hanyar da ba ta saɓa doka ba. A Amurka kaso mai yawa na kuɗin makarantun gwamnati daga harajin gidajen yankin yake fitowa, don haka unguwar masu hali tana da makaranta mai hali. Garin Allen a jihar Tekzas ya ƙi raba babbar sakandarensa gida biyu duk da ɗalibanta sun kai dubbai, a 2012 kuma ya buɗe mata filin wasa mai cin mutum 18,000 da aka kashe wa kusan dala miliyan 60, da amincewar masu zaɓe. Ƙungiyar ta ɗauki kofin jiha a 2012 da 2013 da 2014. Iyalin da ke da halin sayen gida a Allen ya zaɓa wa ɗansa ƙungiya, daidai da wanda ya biya kuɗin makarantar Katolika.

Dokokin da jihohi suka gwada

Gasar kowace jiha ta kasu rukuni-rukuni bisa yawan ɗalibai, manya da manya, ƙanana da ƙanana. Gyare-gyaren duk a nan suke taɓawa.

Jihar Illinois tana ninka yawan ɗaliban makarantar da ba ta da iyaka da 1.65. Mai ɗalibi 600 sai a lissafa ta kamar mai 990, a tura ta rukunin da ya fi ƙarfi. Matsalar ita ce dokar tana hawa kan ƙaramar makarantar kuɗi da ba ta taɓa cin komai ba, shi ya sa daga baya aka buɗe hanyar yafe wa irinsu. Indiana ta bi ta kan sakamako: duk makarantar da ta yi nisa a gasa cikin shekara biyu, ta gwamnati ce ko ta kuɗi, a ɗaga ta rukuni na gaba. Masu adawa suna cewa ana hukunta ƙannen da suka rage saboda nasarar yayyen da suka riga suka fita. Ohio tun 2017 tana duba inda kowane ɗan wasa ya fito ta ƙara wa makaranta lissafi gwargwadon haka. Tekzas kusan ta raba su kacokan, na gwamnati da hukumarsu, na kuɗi da tasu. Wannan ya kashe gardamar, amma ya hana a san wa ya fi wani, ya kuma sa wasu makarantun kuɗi tafiya mai nisa kafin su sami abokin karawa.

Kalifoniya ta zaɓi buɗe rukuni na musamman da ake tattara ƙungiyoyi mafi ƙarfi ba tare da duba yawan ɗalibai ba, don sauran su sami kofunan da za su iya nema. Ɗalibin da ya sauya makaranta ba tare da iyalinsa sun tashi daga gidansu ba kuma yakan zauna a benci kusan rabin kaka.

Inda ƙarfin ya tsaya

A yankinta, De La Salle ba ta girgiza ba. Ko a 2004, da ta kammala da nasara 8, shan kashi 3, canjaras 2, ita ta ɗauki kofin shiyya, ta kuma ci gaba da ɗaukarsa har ya zama sama da sau 30 a jere idan aka ƙirga tun daga 1992. Tun bayan da Pittsburg ta doke ta 35 da 27 a Disamban 1991, babu wata makarantar Kalifoniya da ke arewa da birnin Fresno da ta sake cin ta sai a Satumban 2021, lokacin da St. Francis ta Mountain View ta yi nasara da 31 da 28, bayan wasa 318.

A matakin jiha labarin ya sauya. An fara wasan ƙarshe na jiha na wannan zamani a 2006, De La Salle ta ɗauki kofin sau bakwai tsakanin 2007 da 2015. Daga 2016 zuwa 2019 kuwa ta kai wasan ƙarshe sau huɗu ta sha kashi a dukansu, biyu a hannun St. John Bosco, biyu a hannun Mater Dei, da tazarar da ba ta gaza maki 14 ba. Su ma waɗannan biyun na Katolika ne, amma suna ɗiba ne daga yankin Los Angeles mai mutum sama da miliyan goma, suna kuma karɓar gwanayen da suka riga suka yi suna a wasu makarantu. A Folorida ma akwai IMG Academy, makarantar kwana da aka gina musamman don wasanni, mai ɗaukar yara daga ko'ina a ƙasar. Tun 2021 da aka ba 'yan wasan jami'a damar karɓar kuɗin talla da sunansu, darajar zama fitacce tun a sakandare ta ƙaru, yawon sauya makaranta ya ƙaru da ita. Tsarin rainon yaro shekara huɗu a kan dabara ɗaya yana fuskantar tsarin tara gwanaye na kaka ɗaya ko biyu, kuma a 'yan shekarun nan na biyun ne ke rinjaye a saman teburi.

Abin da ke faɗawa kan iyaye da yara

Ga iyali mai ƙaramin ƙarfi da ɗansu ya samu shiga irin wannan makaranta da tallafi, ribar a bayyane take: karatu mai inganci, tarbiyya, da idon jami'o'i. Duk dokar da ta tsaurara sauya makaranta su take fara takurawa, domin mai kuɗi yana iya sayen gida a sabuwar unguwa ya cika sharaɗi, talaka ba ya iyawa. Ga wanda bai samu tallafi ba, kuɗin De La Salle ya haura dala 20,000 a shekara. Lissafin kuma ba ya goyon bayan mai kashe wannan kuɗi don ƙwallo kaɗai. Alƙaluman hukumar wasannin jami'o'i ta NCAA sun nuna kusan 7 cikin 100 na 'yan wasan sakandare ne ke bugawa a jami'o'inta, ba kuma dukansu ke samun karatu kyauta ba, daga cikinsu kuma waɗanda NFL ke zaɓa ba su kai 2 cikin 100 ba. Wannan lissafi ya shafi iyalan Afirka mazauna Amurka, tunda 'ya'yan 'yan Najeriya da yawa sun bi wannan hanya har suka yi suna, amma waɗanda suka tsaya a hanya ba a ganinsu a talabijin.

Makarantun da ke maƙwabtaka su ne ke ɗaukar asarar da ba a cika lissafawa ba. Gwanayensu suna tafiya, 'yan kallo suna raguwa, kuɗin tikitin da ke ɗaukar nauyin sauran wasanni ya ja baya, wasu yaran kuma su daina fitowa atisaye. A wasan da ake karo da jiki, tazarar ƙarfi takan zama batun lafiya. A 2016 makarantar Archbishop Murphy ta jihar Washinton ta ci wasanninta uku na farko da jimillar maki 170 ba a ci ta ko ɗaya ba, sai makarantu biyar suka janye daga karawa da ita, iyaye suna cewa ba za su sa ƙananan 'ya'yansu gaban ƙartin da suka kusa ninka su nauyi ba. Yaran Archbishop Murphy su ma sun yi asarar kusan rabin kakarsu suna zaune.

Damuwa kan buguwar kai ta sa Kalifoniya ta kafa dokar da ta fara aiki a 2015, wadda ta taƙaita atisayen karo da jiki zuwa sau biyu a mako lokacin kaka, kowane bai wuce minti 90 ba, ta kuma hana shi gaba ɗaya a lokacin hutun gasa. Dokar ta hau kan kowace makaranta daidai, amma tasirinta ya bambanta: ƙungiya mai koci goma da ɗakin motsa jiki da na'urar nazarin bidiyo tana da hanyoyin cike giɓin, wadda malami ɗaya ko biyu ke horarwa bayan tashi daga aji kuwa sai ta yi da abin da ke hannunta.